Hajiyar Kwali ta Hindawiyya

A lungun teloli na Hindawiyya babu wanda bai san Sabitu ba. Ko kai ba ka san shi ba, shi ya san ka, ya san kakanka, ya ma taɓa fitar da kakan naka daga wata matsala a filin jirgin Jidda. Aikinsa ɗaukar jakunkunan baƙi a wani ƙaramin otal, amma in ka tambaye shi sai ya gyara wuyan jallabiya ya ce shi ne mai kula da shige da ficen kayan alhazai. A faɗarsa, babu askar mai tsaron ƙofar Harami da bai sha shayi da shi ba, babu kuma dutsen Makka da bai hau ba, har da waɗanda aka fasa aka gina otal a kansu tun kafin a haife shi.

Abu ɗaya ne Sabitu ba ya cika baki a kansa. A ƙasan benen da yake kwana akwai ɗan shago mai koren ƙyaure, na yayansa Abdulwasi'u tela. Tun da aka kai Abdulwasi'u makwancinsa bara, ƙyauren nan bai sake buɗuwa ba. Makullin yana aljihun Sabitu. In zai fita sai ya bi ta ƙofar baya, ya zagaye lungu guda, wai likita ya ce ya riƙa motsa jini.

Wata ranar Talata sai ga Hajiya Larai, ƙanwar matar marigayin, ta zo Umra daga Kano. Ta same shi a bakin lungu, wurin Inna Ɗaso mai ƙosai, tsohuwar da ta zo hajji tana budurwa har yau ba ta gama shirin komawa ba. Bayan gaisuwa, Larai ta zaro wata ambulan daga jaka, ta fito da yarinya.

Yarinyar ta kwali ce, tsawonta bai wuce tafin hannu da rabi ba. An yanke ta da almakashi, an yi mata kitso biyu da riga ruwan ɗorawa mai fararen furanni, ta ware hannuwa kamar tana jira a ɗauke ta.

"Mubina 'yar yayanka ce ta zana kanta," in ji Larai. "Malamarsu ta ce kowane yaro ya aika nasa wurin ɗan'uwa a wani gari, a zaga da shi, a yi masa hotuna, a dawo da shi aji. Asabar jirgina zai tashi. Yadda na kawo ta haka zan mayar da ita, Sabitu, ko kunnenta kar ya lanƙwashe."

Sai ta danna waya, muryar Mubina ta fito, 'yar siririya: "Baffa, ina wuni. Don Allah ka yi mata hoto a kan keken ɗinkin Baba. Shi kaɗai ma ya isa."

Larai ta rage murya. "Tun rasuwar nan yarinyar ta daina surutu, ta daina dariya. Wannan ne abu na farko da ta roƙa."

Sabitu ya dubi ƙasa. Sai ya yi tari mai ƙarfi, ya ɗaga 'yar kwalin sama.

"Keke? Yarinya ta hau jirgi ta ƙetare teku ta zo garin Manzo, a ce keke? Wasu yaran Kaduna aka kai nasu, wasu Jos. Tawa Hajiya za ta koma! Harami, Zamzam, Arfa, har haƙorin Makka sai na sa mata. Ranar Juma'a kuma walima a lungun nan, a kira ajin nasu ta waya su gani da idonsu."

Inna Ɗaso ta juya ƙosai a mai. "Kwali ne zai yi hajji? A watan Rajab?"

"Inna, ke dai ki kula da kaskonki. Harkar manya ce."

"Manyan ne ke bin ƙofar baya?"

Sabitu ya yi kamar bai ji ba. Ya tafi neman Ayman, mai tasin da ke tsayawa a bakin titi. Ayman haifaffen Makka ne, kakansa da ƙafa ya zo daga Haɗeja, Hausarsa rabi Larabci ce. Sabitu ya naɗa shi direba kuma mai ɗaukar hoto, bai ko tambaye shi ba.

Washegari da hantsi suka isa farfajiyar da ke gaban Harami, ƙarƙashin dogon benen nan mai agogo. Sabitu ya hango wani askar, ya ɗaga masa hannu tun daga nesa. "Abu Fahad! Kaifa halak, abokina!"

Askar ya dube shi sama da ƙasa. "Yalla ya haj, harrik, harrik!" Yana nuna masa hanya da hannu, wato ya yi gaba.

"Ka gani?" Sabitu ya ce wa Ayman. "Haka muke wasa da shi. Ba ya so a gane mun san juna a bakin aiki."

Suka koma gefe, inda tantabaru suke cincirindo. Nan dabara ta faɗo wa Sabitu. Ya karɓi ƙullin alkama wurin wata mata, ya jingina 'yar kwalin a ƙasa, ya zagaye ta da tsaba. Da ya ga hoton zai fi kyau in shi ma yana ciki, sai ya ɗauke ta ya riƙe a ƙirji, ya zuba sauran alkamar a kafaɗunsa da kan hularsa.

"Ya Sheikh, wannan ya yi yawa," in ji Ayman.

"Tantabarun Harami sun san ni. In na ce ɗaya, biyu, ka danna."

Bai kai biyu ba. Sama ta yi duhu. Tantabaru suka sauko masa kamar an zazzage buhu, fukafukai a fuska, farce a wuya, wata ta shige cikin jallabiya tana neman hanyar fita ta hammata. Hula ta yi nata wuri. Sabitu yana juyi yana "La haula! La haula!" wasu alhazan Indunusiya suka tsaya suna ɗaukarsa a waya suna jinjina kai, sun ɗauka wata ibada ce da ba a koya musu ba.

Da ƙura ta lafa, Ayman ya nuna masa hotunan. Fukafukai ne zalla, sai ƙarshen hancin Sabitu a kusurwa ɗaya. Ita kuwa Mubina ta kwali, wata tantabara ta bar mata tsaraba a tsakiyar goshi, ta gangaro har kan rigar.

"Miskina," in ji Ayman. "Kawo in goge da tishu, a hankali."

"Tishu? Hajiya guda? Ai wannan sai Zamzam."

A bayan motar Ayman akwai jarkar Zamzam da yake kai wa tsohuwarsa. Sabitu ya kwantar da 'yar kwalin a kan but, ya yi bisimilla, ya tuttula. Da ya ga wurin ya fita fes, sai ya ƙara, wai don albarkar ta ratsa ko'ina.

Ta kuwa ratsa. Kalar da Mubina ta yi zanen da ita ba ta san darajar ruwa ba, kowane iri ne. Baƙin kitso ya malalo cikin fuska. Idanu biyu suka zubo zuwa kumatu. Ruwan ɗorawar rigar ya gauraya da fatar wuya, kwalin ya yi laushi ya sunkuyar da kai.

"Esh hada!" Ayman ya kama kai. "Ya Sheikh, tana kuka!"

Sabitu ya leƙa fuskar, bakinsa ya riga hankalinsa. "Kukan shauƙi ne. Wa ya taɓa ganin Makka farkon gani bai yi hawaye ba? Ɗauki hoto."

"A shanya ta a mota, zuwa la'asar ta bushe."

"La'asar? Muna da Arfa a gaba. Kai mu wurin mai tamis."

A bakin kasuwar Hindawiyya akwai wani Ba'afgane mai gasa gurasar tamis a tanderu, rami mai zurfi da wuta ke ruri a ƙasansa. Sabitu ya yi masa bayani da Larabcinsa, wanda shi kaɗai yake jinsa duka. Mutumin ya dubi jiƙaƙƙen kwali, ya dubi Sabitu, ya ce, "La. Mamnu'," wato a'a, an hana. Ya juya yana murza ƙullu.

"Ya ce in yi da kaina, wai ya san hannuna," Sabitu ya fassara wa Ayman, wanda a Larabci ya yi mafarkinsa na farko.

Kafin Ayman ya buɗe baki, Sabitu ya ɗauki dogon ƙarfen ciro gurasa, ya maƙala 'yar kwalin a ƙugiyarsa, ya zura bakin tanderu. Ya leƙa ya ga ko ta fara bushewa. Wuta ta yi masa sallama. Ƙauri ya tashi iri biyu, na kwali da na gashi. Ya fizgo ƙarfen da ƙarfi, gindinsa ya doki tiren gurasa, tamis suka watse a titi suna gangarawa kamar tayoyi, Ba'afgane ya biyo shi da muciyar tukunyar wake yana zagi da harsuna uku.

Sai da suka shige lungu suka tsaya. Ƙafar hagun 'yar kwalin ta tafi har gwiwa. Ta dama ta yi baƙi ƙirin. Girar Sabitu ta dama ita ma ta riga mu gidan gaskiya.

Inna Ɗaso ta ajiye matsami, ta kalle su tsaf. "Sannu da zuwa, alhazai. Wuta kuka fara kai ta, kafin Aljannar?"

"Lalle ne, Inna. Kowace Hajiya da lalle take komawa."

"Ɗaya ƙafar fa?"

"Ta naɗe ta. Zaman tahiya take."

"Kai kuma girarka aski ka yi na gama Umra, aka fara ta nan?"

Teloli suka leƙo daga shagunansu suna ƙyaƙyatawa. Sabitu ya ja hula ta rufe gefen ido, ya sanar da su cewa an ɗage Arfa sai gobe, kuma duk wanda bai zo walimar Juma'a ba kar ya ƙara gaishe shi.

Arfa in ba ranarta ba fili ne kawai, shiru, sai iska da bishiyoyin darbejiya a jere kamar masu jiran wani da ya yi alkawarin dawowa. A gindin Dutsen Rahama ne kaɗai ake samun mutane, masu ziyara da masu sayar da tasbaha, da raƙuman da aka yi wa ado da furannin roba don a hau a yi hoto.

Da Sabitu ya ga raƙuman nan sai idonsa ya yi haske. "Ayman, ka san na yi kiwon raƙuma a Agadas?"

"Jiya ka ce kamun kifi ka yi a Yawuri."

"Da rani raƙuma, da damina kifi. Kai dai riƙe wayar."

Ya zaɓi wanda ya fi kowanne girma, yana gurfane yana tuƙa, idonsa a lumshe kamar alƙalin da ya gaji da shari'a. Mai raƙumin ya ce a hau a zauna daram kafin ya tashe shi. Sabitu ya ce a bari, shi yana jin yarensu. Ya matsa kusa da kunnen dabbar ya yi wani gurnani, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan sirdi, sannan ya miƙa 'yar kwalin gaban hancin raƙumin, wai su gaisa da Hajiya.

Raƙumi ya shinshina. Ƙamshin tamis bai gama barin kwalin ba. Leɓensa ya miƙo a hankali, cikin ladabi, ya kama hannun dama.

"Kai! Saki! Ayman, ce masa ya saki!"

"Kai ne mai jin yarensu, ya Sheikh!"

Sabitu ya ja, raƙumi ya ja. Ihun ya sa dabbar ta zabura ta miƙe, ƙafafun baya tukuna, kamar yadda raƙuma suke yi tun da aka halicce su, abin da makiyayin Agadas ya manta. Sabitu ya tafi sama da ƙafa ɗaya a maƙale a igiyar sirdi, kai a ƙasa, jallabiya ta rufto masa a fuska, gajeren wandonsa mai zanen ayaba yana kallon Dutsen Rahama. Wata motar masu ziyara ta Turkawa ta tsaya cak. Mai raƙumin yana ihu, Ayman yana dariya har ya durƙusa, amma bai fasa danna waya ba.

Da aka sauko da shi, 'yar kwalin tana hannunsa a damƙe. Hannunta na dama yana cikin raƙumi, raƙumin kuma ya koma lumshe ido.

Suka kamo hanyar dawowa da 'yar kwalin har suka wuce Muzdalifa. Sabitu ya ɗora ta a cinya yana shafa inda hannun ya yage. Ayman ya dube shi ta gefen ido.

"Halas, ya isa haka, ya Sabitu. Ka buɗe shagon, mu yi hoton da ta ce. Minti ɗaya ne."

Sabitu ya juya yana kallon duwatsu ta taga. Can ya ce, "Saura haƙori."

Da yamma ya sayi cakulan mai takardar zinariya, ya cinye, ya yanki takardar ya shafa gam. Hannunsa na ɗaukar jaka ne, ba na ƙananan abubuwa ba. Haƙorin ya fito ya rufe baki da haɓa da rabin hanci. Ya yi ƙoƙarin ɓamɓarewa, fatar kwalin ta biyo shi, sai ya mayar ya danne.

Ya ajiye ta a kan katifa ya ja baya ya duba. Hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, idanu a kumatu, zinariya a tsakiyar fuska. Ga shi ya riga ya gayyaci lungu kaf, ya sa an yi odar shinkafa bukhari, ya kuma kira Malama Sa'adiya, malamar su Mubina, ya yi mata alkawarin abin da ajinta ba su taɓa gani ba.

Sai idonsa ya faɗa kan baƙar safarsa a bakin ƙofa. Ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa wahayi.

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci a Makka, a Kano kuwa ba a tashi 'yan makaranta ba tukuna. Aka shimfiɗa darduma a lungu, aka jera farantai. Teloli suka zo, masu wanki suka zo, Hajiya Larai ta zo daga masaukinta, har Ba'afgane ya leƙo ya tsaya daga nesa da hannu a ƙugu. Ayman ya kira Kano, ya ɗaga wayar. Fuskokin yara suka cika gilashin, suna turereniya. A gaba, Mubina ce zaune shiru, hannuwanta a kan benci.

Sabitu ya fito da sabuwar farar jallabiya, hula a karkace kan gira. A kan tire, bisa ƙaramin matashi, ga wata aba baƙa ƙirin tsaye, an lulluɓe ta da safa tun daga kai har ƙasa, an ɗan tsaga wurin idanu.

"Jama'a, ga Hajiya Mubina! Ta ga Harami, ta sha Zamzam, ta tsaya a Arfa. Yanzu ta zama 'yar Makka sosai, shi ya sa kuka gan ta da abaya da niƙabi."

Yara suka yi tafi. Malama Sa'adiya ta matso kusa da wayar. "Masha Allah, Alhaji. To a ɗan buɗe mana fuskarta, yara su ga zanen 'yar'uwarsu."

"Malama, a nan ba a haka. Ga maza cike da lungu."

"Ni ai mace ce," in ji Hajiya Larai, tana miƙo hannu. "Kuma ni na kawo ta. Ba ni nan."

"Hajiya, tana da alwala..."

"Sabitu, wannan ba safarka ba ce? Ga ma hujin ɗan yatsa."

Ya ja tire baya, ta kama kan safar. Safa ta zare sumul ta bar abin da ke ciki tsaye a gaban waya, a gaban lungu, a gaban aji guda na birnin Kano, zinariya tana walƙiya a rana.

Sai wani yaro daga bayan aji ya ce, "Malama, mota ce ta taka ta?"

Lungu ya fashe. Teloli suna faɗuwa kan juna, Inna Ɗaso tana dariya har nata haƙorin Makkan na gaske ya bayyana. Larai ta dafe ƙirji tana salati. "Kunne na ce kar ya lanƙwashe, Sabitu! Kunne!"

"Ai kunnen lafiyarsa ƙalau, duba ki gani..."

"Ina hannunta?"

"Yana Arfa," in ji Ayman. "Cikin raƙumi."

Ajin ma ya kaure da ihu, Malama tana buga benci. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Mubina ta matso da fuskarta har ta cika gilashin wayar, ta daɗe tana kallon abin da ya rage na zanenta. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da ya fi sauƙi.

"Baffa," ta ce, "an yi mata hoton a kan keken Baba?"

Dariyar ta mutu a lungu kamar an kashe fanka. Sabitu ya buɗe baki. A karo na farko tun da Hindawiyya ta san shi, babu abin da ya fito. Inna Ɗaso ta goge hannu a zani, ta ce a hankali, "Makullin yana aljihunka na dama, ɗan nan. Kullum ina jin ƙararsa."

Taku kaɗan ne daga darduma zuwa koren ƙyaure, amma Sabitu ya yi su kamar mai hawan dutse da kaya. Kwaɗon ya yi gardama, sannan ya haƙura. Ƙyaure ya yi ƙara ya buɗe, haske ya shiga ya tarar da komai yana inda aka bar shi. Tef ɗin awo a rataye a wuyan keke. Alli a bakin tebur. Kofin shayi da ya bushe. Warin man keke da sabon yadi, warin Abdulwasi'u kenan in ya rungume ka ranar salla. A gefen keken kuma ga wani yadi an yanka ba a ɗinka ba, ruwan ɗorawa mai fararen furanni.

"Rigata ce," in ji Mubina daga cikin waya. "Ya nuna min ita. Ita na zana."

Sabitu ya tsaya ya ba jama'a baya. Kafaɗunsa suka yi rawa kaɗan, babu wanda ya ce ya gani. Ya share fuska da hula, ya hure ƙurar kan keken, ya zaunar da 'yar kwalin a jikinsa, wurin da hannun yayansa ya goge fenti. Ayman ya karɓi wayar Larai ya ɗauka. Hoton ya fito tsaf, shi kaɗai a cikin duk na satin nan.

Da a nan Sabitu ya tsaya, da an rabu lafiya. Amma numfashinsa na dawowa, bakinsa ya dawo tare da shi.

"Mubina, kar ki damu da hannu da ƙafa. Yanzu zan mayar mata da su da ƙyallen rigarki. Kin san ni na koya wa babanki ɗinki?"

"Sabitu!" teloli suka haɗa baki.

Ina! Ya riga ya tsinci ƙyalle biyu daga ƙasan tebur, ya zauna, ya kunna keken. Na lantarki ne, irin wanda ake lallaɓa shi da ɗan yatsan ƙafa. Ya jera kwali da ƙyalle ƙarƙashin allura, ya dubi waya ya kashe ido ɗaya, na gefen da babu gira, ya taka kamar mai tuƙa tirela.

Keke ya yi kururuwa. Kafin ya gano yadda ake ɗaga ƙafa, allura ta bi ta kan ƙyalle, ta bi ta kan kwali, ta kama hannun sabuwar jallabiya ta yi gaba da shi har gwiwar hannu. Wani tela ya yi tsalle ya zare wayar wuta. Sabitu ya miƙe, ya ɗaga hannu. Ga Hajiya Mubina tana lilo a jikin hannun rigarsa, an ɗinke su tam, da sabon hannu ruwan ɗorawa da ya fito mata ta saman kai.

Sai aka ji wani sauti daga waya, ƙarami, kamar an buɗe kwalbar lemo. Mubina ce. Ta toshe baki da hannu biyu, abin ya ƙi tsayawa, ta kifa kai a benci tana dariya har kitsonta na rawa. Hajiya Larai ta juya fuska ga bango tana goge ido da bakin mayafi.

"Baffa," Mubina ta ce da ƙyar, "kar a warware. A kawo min ita haka."

"Da Baffan naki a jiki?" in ji Inna Ɗaso. "Ba shi da biza. Miƙo almakashi."

Ta yanke hannun jallabiyar daga kafaɗa, ta naɗe shi da 'yar kwalin ta ba Larai. Sabitu ya dubi yadin da ke kan tebur, ya gyara murya. "Ita kuma rigar, tunda hannuna ya faɗa, bari in ƙarasa..."

"A'a!" in ji lungu gaba ɗaya, har da Ba'afgane.

Teloli suka ɗauki yadin, kafin magariba sun haɗa rigar. Ranar Asabar ta bi Larai zuwa Kano, tare da Hajiyar kwali da hannun jallabiya da hoton wando mai ayaba, wanda Ayman ya rantse bisa kuskure ya tura.

Har yau in ka bi ta lungun da hantsi za ka ga koren ƙyaure a buɗe, Sabitu a bakinsa da kofin shayi, yana ba duk mai wucewa labarin yadda ya yi kokawa da raƙuma bakwai a Arfa. An hana shi taɓa keken, amma shi ke goge shi kowace safiya. Ta ƙofar gaba yake fita yanzu. Inna Ɗaso ta tambaye shi ina batun motsa jini.

Ya ce likitan ne ya canza magana.